Jaka 350, zafin Garwa da kwamfutar wasana ta farko

Shafin ƙarshe na littafin da muke rubuta bashi a shagon Kawu nawa ne. A kansa na yi wata huɗu ina jera sunayen kayan kwamfuta da farashinsu, in soke, in sake rubutawa, har biro ya fara huda takardar. Abin da ke hannuna jaka 350 ne, wato sefa dubu 350 ga wanda bai saba da lissafinmu na nan arewacin Kamaru ba. Sama da shekara biyu na yi ina tara su, daga ɗan abin da Kawu ke ba ni ƙarshen wata da kuma adashen da muke yi da yaran layinmu a babbar kasuwar Garwa. Kuɗin da aka tara da irin wannan wahala, mutum ba ya yarda ya zuba su a inda bai gane ba.

Ƙwallo ce ta ja ni. Tun ina firamare nake kai dala ashirin ɗakin wasan unguwarmu in buga wasa ɗaya a PlayStation, in an ci ni in koma bayan layi in jira. Da na girma sai hayaniyar wurin da hayaƙin taba suka fara damuna. Na so in samu nawa a ɗaki, abokai su zo mu buga cikin natsuwa, in an kira salla mu tashi. Da yawa sun ce in sayi PS4 na hannu in huta, kuma maganarsu tana kan hanya, don ya fi araha nesa ba kusa ba. Abin da ya hana ni shi ne ina son abin da zan koyi zanen katin biki da shi, in kuma riƙa shigar da lissafin shago. Wannan ne ya sa Kawu ya sa albarka, ko da yake ban ɓoye masa cewa wasa ne a gaba ba. Ya ce, "To ɗana, guminka ne. Amma kada ka sayo abin da ba mai iya gyara maka shi a garin nan."

Jerina na farko daga YouTube na kwaso shi, wajen Faransawan da ke koyar da haɗa kwamfuta da kuɗi kaɗan. In sun faɗi farashi da yuro sai in ninka da 656, tunda darajar sefa a ɗaure take da yuro, in ga kamar kuɗina sun isa har da canji. Da na fara tambayar farashi a gari na gane cewa wancan lissafin na Faransa ne. Kafin kaya ya sauka Duwala, ya biya kwastan, ya hau mota ya zo arewa, kowane hannu ya ci ribarsa, abin ya tashi. Sai kuma wani abu da ya fi farashin muhimmanci, wanda ban lura da shi ba sai da na shiga shagon wani mai gyaran kwamfuta da abokina ya haɗa ni da shi. Dattijo ne, kowa Malam yake ce masa.

Na miƙa masa jerin nawa. Ya karanta, ya ajiye, bai ce komai a kan kayan ba. Ya tambaye ni sau nawa ake ɗauke wuta a unguwarmu a mako. Ya tambaye ni ko ɗakina da silin ko kwano ne tsirara. Sannan ya ce wane wasa nake son bugawa, kuma a wane irin sikirin. Na amsa masa. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani kwali cike da akwatunan wuta na kwamfuta, waɗanda a nan muke ce wa alim, wasu sun yi baƙi ta gefen fanka, ƙaurin ƙuna na tashi daga cikinsu. Ya ce, "Waɗannan duk na masu jeri irin naka ne. Mutanen da kake kallo a waya, ɗakinsu da sanyi, wutarsu ba ta motsi. Kai a Garwa kake. Fara da wuta da zafi da ƙura, abin da ya rage ka sayi ƙarfi da shi."

Ban ji daɗin maganar ba a ranar, don ni katin hoto ne a raina, wato sashen da ke fitar da hoton wasa a sikirin. Amma na san gaskiya ya faɗa. Wutarmu yawanci daga madatsar Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, kuma in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, kowa ya san yadda ake raba wuta unguwa-unguwa, duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gidar. Watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa. Hunturu kuwa, ka share tebur da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa.

Na koma na sake shafi daga tushe, na fara da tambayarsa ta uku. Wasannina ba su da yawa: eFootball, wanda da ake kira PES, da FC 24, wanda ya gaji sunan FIFA a 2023, sai GTA V in an gaji da ƙwallo. Na duba abin da kamfanin EA ya ce FC 24 yana buƙata a mafi ƙaranci: kati kamar GTX 1050 Ti ko RX 570 mai 4GB, RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 8GB, da fili 100GB. Wannan ya kwantar mini da hankali. Ba na buƙatar katin da ake yayi a bidiyo. Sikirin mai 1080p da hoto 60 a daƙiƙa ya ishe ni in ga ƙwallo tana tafiya sumul.

Hanya mafi sauƙi da kowa ya nuna mini ita ce burokant, wato kayan ofis na hannu da ake kawowa daga Turai. Dell OptiPlex da HP sun cika shaguna, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Core i5 na zubi na shida ko na bakwai, farashinsu da daɗi, kuma suna da ƙarko. Ana cewa ka sayi ɗaya, ka soka masa kati, shi ke nan. Na kusa yi. Malam ya buɗe mini ɗaya ya nuna mini cikinta. Akwatin wutarta ƙarami ne, bai wuce wat 240 ba, ba shi da wayar da ake ba babban kati wuta, kuma filoginsa na kamfanin ne, ba za ka cire ka sa irin na kasuwa kai tsaye ba. Gidan kansa siriri ne, sai gajeren kati ne zai shiga, irin wanda ba ya shan fiye da wat 75. Ga shi Windows 11 ba ta karɓar furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas a hukumance, kuma a lokacin Microsoft ta riga ta sanar cewa za ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025. Wanda kuɗinsa ba su wuce jaka 150 ba, har yau zan ce masa ya bi wannan hanya, ba abin kunya ba ne. Ni dai na ga ɗaki ne da ba shi da wurin ƙari.

Sai maganar RX 580. Duk wanda ya nemi katin hoto mai araha a ƙasashenmu ya ci karo da shi. Kati ne na 2017 mai 8GB, kuma a zamaninsa jarumi ne. Wani saurayi ya tallata nasa a Facebook a kan jaka 45. Na kira shi, muka yi alkawari a shagon Malam bayan la'asar. Ya zo da shi a leda, yana ƙyalli kamar sabo, har zuciyata ta fara cewa na samu. Malam ya juya shi baya, ya kai shi kusa da fitila. Kawunan sukurori huɗun da ke riƙe da abin sanyaya sun ci bakin sukurdireba, alamar an buɗe shi ba sau ɗaya ba. Ya soka shi a kwamfutarsa ta gwaji, ya buɗe wata manhaja da ake kira GPU-Z, ya sa yatsa a kan lambar da ke nuna yawan ƙananan ƙwayoyin aikin katin: 2048. Ya ce RX 580 na ainihi 2304 yake nunawa a wurin. Wannan wani samfuri ne da aka yi wa kasuwar Sin, sunan 580 ne a jikinsa amma ƙarfinsa ya fi kusa da RX 570. Daga nan ya kunna FurMark, manhajar da ke sa kati aiki iya ƙarfinsa. Muka zuba ido. Zafi ya haura 80, ya ci gaba da hawa, fankokin suka fara kuka kamar injin markaɗe. Ba a yi minti goma ba wasu ƙananan murabba'ai kore suka fara yawo a sikirin.

Saurayin ya rantse haka aka aiko masa shi, kuma na yarda da shi, don jikinsa ya fi nawa sanyi. Bayan ya tafi Malam ya yi mini bayani. Irin waɗannan katunan an yi shekaru ana haƙar kuɗin intanet da su dare da rana. Da tsarin Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen, ya daina amfani da haƙa a Satumban 2022, sai masu su suka zubo su kasuwa, aka wanke, aka sake musu fanka da kwali, suka bazu duniya. Ya ce ba duka ne matattu ba, akwai masu lafiya, amma ba a gane su da ido sai da gwaji. Ya ƙara da cewa ko mai lafiyar wat 185 yake sha, kuma duk wutar da kati ya sha zafi take komawa a cikin ɗakinka.

A daren nan na yanke shawarar da ta fi kowace wuya: ba zan sayi kati yanzu ba. Zan haɗa kwamfuta mai kyakkyawan tushe wadda za ta iya wasa ba kati, in na sake tara kuɗi in ƙara shi.

Wannan ya kai ni ga haruffan da ke ƙarshen sunan furosesa, waɗanda da ban ɗauke su a bakin komai ba. A wajen Intel, in ka ga F, kamar i3-12100F, to ba ta iya fitar da hoto da kanta, dole sai da kati. A wajen AMD na zubin Ryzen 5000, G ce alamar tana da nata sashen hoto a ciki. Biyu suka rage mini, Ryzen 5 5600 da Ryzen 5 5600G. Dukansu ƙwaya shida ne, dukansu wat 65, dukansu suna zuwa da fankarsu a kwali. In za a haɗa su da kati, wadda ba ta da G ta fi, don 'yar ma'ajiyar sauri da ke cikinta (cache) 32MB ce, ta mai G kuwa 16MB. Na san da wannan asarar, na karɓe ta da idona biyu. Abin da na samu a madadinta shi ne kwamfutar da za ta tashi tun ranar farko, kuma ko wata rana kati ya mutu, zan zare shi in ci gaba da aiki. A garin da ba a shiga shago a fito da sabon kati a yini ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sabon tsarin mazaunin furosesa na AMD, wato AM5, kuwa ban ko tsaya a kansa ba, don sai da RAM na DDR5, kuma duk kayansa sun fi ƙarfin aljihuna. Tsarin AM4, wanda waɗannan furosesa biyun ke zama a kai, tun 2016 yake, kayansa sun yawaita, masu gyara sun san shi.

A Garwa ban samu furosesar a farashin da zan iya ba. Ina da Yaya, ɗan wan babana, da ke zaune a Birketiri a Yawunde, shi na roƙa ya je mini titin Kennedy inda masu kayan waya da kwamfuta suke. Ba harkarsa ba ce, tela ne, amma mutum ne mai haƙuri. Muka yi kusan awa biyu a kiran bidiyo, yana shiga shago yana fita, yana kara mini kwalaye a kyamara.

Wajen uwar allo, wadda ake soka duk sauran kayan a kanta, muke kuma ce mata kart-mer, a nan na fi tsayawa. Na zaɓi B450 ƙarama, don ta fi B550 araha, kuma babban abin da B550 ta fi ta da shi, wato PCIe 4.0, hanya mafi sauri ta haɗa ta da kati, furosesata ma ba ta da shi. Amma B450 ta girmi Ryzen 5000, saboda haka in ba a sabunta mata BIOS ba, wato 'yar manhajar da ke tayar da ita, za ka haɗa komai daidai ka kunna ka ga duhu. Na ce, "Yaya, don Allah duba jikin kwalin, akwai wani ɗan tambari da aka rubuta Ryzen 5000 Desktop Ready." Shago na farko babu. Mai shagon ya ce ba komai, zai yi aiki. Na ce Yaya ya yi masa godiya ya wuce. A shago na uku muka samu mai tambarin, da ramukan RAM huɗu, da wurin SSD na M.2, wato ma'ajiyar fayiloli mara faifai, da kafar HDMI a baya, wadda in babu ita sashen hoton furosesar bai amfane ni da komai ba. Furosesa jaka 90, uwar allo 52.

Mai shagon ya so ya ba mu RAM sanda ɗaya mai 16GB, ya ce duk ɗaya ne da biyu masu 8GB, har ya fi don ka bar wurin ƙari. Ba ɗaya ba ne. Sanda biyu suna buɗe wa furosesa hanya biyu, kuma sashen hoton da ke cikin 5600G ba shi da tasa ma'ajiyar, daga RAM yake ci. In ka ba shi sanda ɗaya ka shaƙe shi. Na dage a kan biyu, DDR4 mai gudun 3200, jaka 30. SSD kuwa ban ɓata lokaci ba, NVMe mai 500GB a kan 27. Na san zai yi kaɗan, tunda wasa ɗaya na iya cinye kashi ɗaya cikin biyar, amma na fi son ƙarami sabo a kan babban faifai na hannu mai juyawa, wanda ɗaukewar wuta ke saurin lalatawa.

Akwatin wuta a nan gida na saya, da Malam a gefena. Yawancin gidajen kwamfuta masu araha suna zuwa da nasu a ciki kyauta, an rubuta 500W da manyan baƙaƙe. Malam ya ɗora mini irin wannan a hannun dama, ya ɗora wani na sanannen kamfani mai 550W a hagu. Na daman kamar gwangwanin madara da ba komai a ciki, na hagun kuwa sai da na gyara riƙo. Ya ce nauyi ba hujja ba ce ita kaɗai, amma in koyi karanta takardar da ke gefe. A nemi layin 12V, don daga nan furosesa da kati suke sha, a ninka da lambar amfiya da ke ƙarƙashinsa. Na kyautar 18A aka rubuta. Sha biyu sau sha takwas, 216. Wato abin da aka kira 500, a inda ake buƙatarsa bai kai rabi ba. Ɗayan 45A ne, ya ba da 540. Yana kuma da tambarin 80 Plus Bronze, wanda ke nufin wutar da yake ɓarnatarwa ta zama zafi kaɗan ce. Jaka 43 na biya, kusan kuɗin katin nan da na bari. Hannuna ya yi nauyi wajen ƙirga su. Amma akwatin wuta mara kyau in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja uwar allo ko kati su tafi tare, kuma na ga kwalin da ke ƙarƙashin teburin Malam da idona.

Sai ondiler, abin da 'yan Najeriya ke ce wa UPS, mai batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Shi ma lambarsa tana ruɗi. VA aka rubuta, ba wat ba, kuma mai 650VA yawanci bai kai wat 400 ba. Na ɗauki mai 1000VA, wanda ke ɗaukar wajen wat 600, mai daidaita wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, saboda ina lissafin katin da zai zo nan gaba da kuma sikirin. Jaka 50. Ba don in ci gaba da wasa in an ɗauke wuta na saye shi ba, don in samu 'yan mintunan kashe kwamfuta da hannuna ne. Malam ya ce wasu akwatunan wuta na zamani ba sa jituwa da irin wutar da ondiler mai araha ke bayarwa daga batir, saboda haka muka yi sharaɗi da mai shagon cewa in mun gwada bai yi ba za mu dawo da shi.

Gidan kwamfutar da ya burge ni mai gilashi ne gaba da gefe, da fitilu masu canza launi. Na sa tafin hannu a gabansa na ga ba ta inda iska za ta shiga sai wata 'yar tsaga a gefe. Na bar shi na ɗauki wani baƙi mara ado, gabansa raga ce, da matatar ƙura da ake zarewa a wanke, jaka 20 da fankoki uku. Biyu a gaba suna jawo iska, ɗaya a baya yana fitarwa. In mai shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun damar kutsowa ta kowace kafa, sai ta bi ta matata. Sikirin na burokant ne, inci 22, jaka 30, na sa aka nuna mini fari tas da baƙi ƙirin a kansa don in ga ko akwai tabo. Da ɗan abin da ya rage na sayi kibod da linzami na hannu. Kibod ɗinmu na nan na Faransanci ne, AZERTY, don haka maɓallan tafiya da wasanni ke sa wa a W, A, S, D, a wajenmu Z, Q, S, D ne. Wasu wasannin suna ganewa da kansu, wasu sai ka shiga saiti ka gyara.

Na tura wa Yaya kuɗi ta Orange Money. Ya naɗe kwalayen a cikin yadi, ya sa a kwali ɗaya, ya damƙa wa wani maƙwabcinsa da zai hau jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundare. Daga can aka sa shi a motar Garwa. Kwana biyun nan ban yi barcin kirki ba.

Ranar wata Lahadi a watan Fabrairun 2024 muka haɗa, a shagon Malam, amma ya ce da hannuna zan yi, shi kallo ne nasa. Furosesar AM4 ƙafafunta a jikinta suke, siraran allurai masu launin zinariya, in ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku. Akwai ɗan alwatika a kusurwarta da ake daidaitawa da na mazauninta. Ya ce kada in danna, in sake ta kawai. Na sake ta, ta zauna da kanta, na saukar da ɗan ƙarfen da ke kulle ta. Fankarta ta zo da man sanyaya a shafe, na ɗaura sukurorin a gicciye, kaɗan-kaɗan. RAM a rami na biyu da na huɗu. Wayoyin maɓallin kunnawa su suka fi ba ni wahala, ƙanana ne, sai da na haska da fitilar waya ina duba littafin uwar allon.

Na ce bismillah na danna. Fankoki suka juya, sikirin bai nuna komai ba. Gabana ya faɗi, tunanina ya tafi kan tambarin nan da Yawunde mai nisa. Malam bai ko tashi daga kujera ba. Ya ce in kashe, in zare wuta, in danna kowace sandar RAM da babban yatsa ta kowane gefe. Ta biyun ta yi ƙas, ashe gefe ɗaya bai shiga ba. Na sake kunnawa, sunan kamfanin uwar allon ya fito fari a kan baƙi. A cikin BIOS ya nuna mini cewa RAM ɗin da na biya kuɗin 3200 yana tafiya a 2133, sai an kunna wani saiti da ake kira XMP yake kai gudunsa. Da ni kaɗai ne da zan yi shekara ban sani ba. Bayan mun sa Windows, ya buɗe wasa, ya ce in zare filogin ondiler daga bango. Na zare. Ya yi ƙara, kwamfuta ba ta ko ƙifta ba.

A gida na ci karo da abin da ba ya cikin jerina. Na taɓa bayan gidan kwamfutar ba takalmi, na ji tana ɗan ja na. Soket ɗin ɗakina ba shi da wayar ƙasa, kamar yawancin tsofaffin gidajen unguwarmu. Sai da na ranci jaka 8 wajen Kawu, mai gyaran wuta ya zo ya kafa ƙarfe a ƙasa bayan taga ya jawo waya. Na ɗora kwamfutar a kan tebur, ba a daɓe ba, nesa da taga.

Wata tara na yi ba kati. eFootball ya tafi lafiya. GTA V ma ya yi in an rage masa ado. FC 24 kuwa sai da na saukar da shi zuwa 720p, na kashe kusan komai, sannan ya yarda, kuma fuskokin 'yan wasa ba su fito sosai ba. Abokaina da suka saba da PS4 sun faɗa mini hakan ba ɓoyo, amma ba wanda ya fasa zuwa. Da Afrilu ta shigo, na sa manhajar auna zafi na ga furosesa tana haura 80 in ana wasa da rana. Iyakar da AMD ta sa mata 95 ce, don haka ba ta kai haɗari ba, amma na daina wasa tsakanin azahar da la'asar, na mayar da shi bayan isha'i. Duk ranar Juma'a da safe nake zare matata in wanke in shanya. Sau ɗaya a wata in fitar da kwamfutar tsakar gida in hura ta da abin hura iska, ina riƙe fankokin da yatsa don kada su yi ta juyawa a banza.

A Nuwamba, da kuɗin katunan biki da na fara zanawa da wani zagayen adashe, na tara jaka 120. An yi mini tayin RX 6500 XT sabo a kwali, na ƙi, don 4GB ne kawai kuma layukan da ke haɗa shi da uwar allo huɗu ne, a kan PCIe 3.0 irin nawa yana rasa ƙarfi sosai. Wani ɗalibi da zai tafi karatu waje ya sa RX 6600 ɗinsa a kasuwa, mai 8GB, wat 132, waya ɗaya mai baki takwas yake buƙata, kuma akwatin wutana yana da ita. Muka kai shi teburin Malam. Sukurorinsa ba a taɓa su ba, GPU-Z ya nuna abin da ya kamata, FurMark ya yi rabin awa zafi na tsaye a wajen 70, hoto tas. Na biya a wurin.

Da na soka shi a gida na mayar da wayar HDMI daga uwar allo zuwa bayan katin, don in an bar ta a sama katin zaman banza zai yi. Na buɗe FC a 1080p, na ɗaga saitin. Ciyawar filin ta fito ɗaya-ɗaya. Mu huɗu ne a ɗakin daren nan, muna minti na saba'in a wasa na uku aka ɗauke wuta. Fankar sama ta tsaya, ondiler ya fara ƙararsa, sikirin kaɗai ke haska fuskokinmu. Abokina ya ce mu ƙarasa, saura kaɗan. Na karɓi abin bugawar daga hannunsa, na fita daga wasan, na kashe kwamfutar, muka ɗauki tabarma muka fita ƙofar gida.

Batirin ondiler ɗin yanzu ya fara gajiya, zafi yana cin batir da wuri. Da yana riƙe ni kusan minti goma, yanzu da ƙyar yake kai uku in kati na aiki. Malam ya ce batirin kaɗai ake canzawa, mai 12V ne irin wanda ake samu a kasuwa, in kawo masa shi bayan salla.